Wace halitta ce na gani a duwatsun Tarkwa Bay, kuma yaya ake gane irinta?

Malam Bayoloji, Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da Bayoloji a wata sakandare a nan Tudun Wada, kuma ina neman wanda ya san halittun bakin teku ya taimaka mini.

Hutun da ya wuce na je Legas wajen ƙanena da ke aiki a Apapa, ya kai ni Tarkwa Bay, wurin da sai an hau jirgin ruwa ake isa. A gefen rairayin akwai dogon jerin manyan duwatsu da aka jibge don kare mashigar jiragen ruwa. Lokacin da muka isa ruwa ya ɗan janye, ya bar 'yan ramuka cike da ruwa a tsakanin duwatsun. A cikin ɗayansu na ga wani abu mai taushi yana jan jiki a kan gansakuka. Tsawonsa zai kai santimita 15. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske da ɗan kore-kore, jikinsa duk zanen zobba ne baƙaƙe, manya da ƙanana. A saman kansa akwai wasu abubuwa biyu a tsaye, a naɗe, sai wasu biyu masu faɗi a gefen baki. A gadon bayansa akwai fata biyu, dama da hagu, suna ɗagawa suna haɗuwa. Tafiyarsa ta dodon koɗi ce sak, amma ban ga kwanso a jikinsa ba. Wani yaro da ke wurin ya zungure shi da tsinke, nan take ya saki wani ruwa shunayya, tsakanin ja da shuɗi, ya rine ramin gaba ɗaya.

Na ɗauki hoto da waya, amma ƙyallin rana a kan ruwan ya cinye komai.

Abin da ya sa na damu da shi, duk shekara idan na zo rukunin Mollusca, wato dangin dodon koɗi masu taushin jiki, da 'yan SS1, abin da nake da shi a hannu shi ne dodon koɗin da damina ke fito da shi a bayan aji, da katantanwar da yara ke tsintowa a bakin Kogin Kaduna. Sauran duk zane ne a allo da na kwafo daga littafi. Mafi yawan ɗalibaina ba su taɓa ganin teku ba. Da na ba su labarin wannan abin sai tambayoyi suka yi ta zuwa, har waɗanda ba sa buɗe baki a aji suka ɗaga hannu, kuma ina so in koma musu da amsar da zan iya tsayawa a kanta.

In Allah ya kai mu hutun Disamba zan sake zuwa. Don Allah mene ne wannan abin, kuma yana cutarwa? Akwai wasu irinsa a wurin da idona bai kai gare su ba? In akwai, wane lokaci ake zuwa, ina ake dubawa, kuma da me ake bambance wannan da wancan? Na gode.

Ɗan Rigasa

Wa alaikumus salam Malam. Ni dai da na karanta bayaninka raina ya ba ni matsattsaku ne irin na ruwan gishiri. Kuma wannan ruwan da ya saki, anya ba dafi ba ne? Shawarata kada ka sa hannu, ka kuma hana yara. Mu mutanen tudu ba mu san kan abin da ke cikin teku ba.

'Yar Malali

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri kan yadda ka damu da yaran nan. Ɗan'uwa na Rigasa, ba matsattsaku ba ne. Matsattsaku tsutsa ce mai gaɓa-gaɓa da bakin tsotso gaba da baya. Wannan kuwa ɗan'uwan dodon koɗi ne na jini, sai dai kwansonsa ya ƙanƙance ya koma cikin jiki.

Na karanta ilimin dabbobi a Zariya, daga baya na yi aikin bincike a gaɓar tekun Gana, wajen Tema, inda duwatsun bakin ruwa na asali ne. A can na saba da su, kuma har yau ba abin da nake son dubawa a bakin teku kamar su.

Malam, ka iya kallo. Duk abin da ka lissafa ya tafi kan jinsin Aplysia, wanda littattafai ke kira zomon teku. Ƙahoni biyu naɗaɗɗu a saman kai, wasu biyu a gefen baki, fatar baya biyu masu buɗewa, da sakin tawada, ba ka bar komai ba. Zobban baƙaƙe kuma alama ce ta Aplysia dactylomela, wanda aka yi wa suna tun 1828, kuma ana samun sa a wuraren Tekun Atlantika masu ɗumi, har da gaɓar Afirka ta Yamma. Hoto mai kyau ne zai tabbatar mana. Da ka jira ya buɗe fatun nan sosai, a tsakaninsu abin numfashinsa yake, kuma a wurin ne siririn kwanson yake ɓoye a ƙarƙashin fata. Ciyawar teku yake ci. Launin tawadar ma daga jar ciyawar teku yake samo shi, ya tara a jiki, idan kaguwa ko kifi ya matsa masa ya saki don ya rikita su. Ba ya cizo, ba ya harbi. Tawadar ba ta ƙona fata, sai dai a wanke hannu kada a kai ido ko baki. Ci ne ba a yi, domin jikinsa yana tara sinadarai masu cutarwa daga abincinsa. A Ostireliya an sha samun karnukan da suka kamu da ciwo bayan sun lashi waɗanda ruwa ya watso bakin gaɓa.

Tunda aji za ka kai, ga abin da zai burge 'yan SS3 lokacin da kuka zo jijiyoyi. Wani ɗan'uwansa na gaɓar Amurka, Aplysia californica, shi masanin jijiyoyi Eric Kandel ya yi shekaru yana nazari a kai har ya samu kyautar Nobel a 2000. Dabbar tana da ƙwayoyin jijiya wajen 20,000 kacal, wasunsu manya ne har ana iya ganinsu da ido. Idan aka taɓa ta sai ta janye abin numfashinta. In aka yi ta taɓawa ba tare da cutarwa ba sai ta saba ta daina janyewa, in kuma aka haɗa da abin da ya razana ta sai ta riƙa janyewa da ƙarfi fiye da da. Ta nan aka ga yadda koyo da tunawa suke canza mahaɗar jijiyoyi.

To, sauran irinsu. Suna da yawa, kuma mafi yawansu ba su kai rabin wanda ka gani ba. Rukunin da ya fi suna shi ne Nudibranchia, sun haura nau'i 3,000 a duniya, duk a ruwan gishiri, ba za ka same su a Kogin Kaduna ko wani dam ba. Su ba su da kwanso ko kaɗan idan sun girma. Suna ƙyanƙyashewa da ɗan mitsitsin kwanso, su yi ta yawo a cikin ruwa, ranar da suka sauka kan abincinsu sai su yar da shi. Da yawansu tsakanin santimita 1 zuwa 5 suke.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada launi ya zama farkon abin da za ka dogara da shi. Launinsu yana ɗaukar ido, shi ya sa kowa yake fara cewa na ga wani ja, na ga wani mai ɗigon rawaya. Amma nau'i ɗaya yana iya fitowa da launi daban-daban gwargwadon abin da ya ci da girmansa, sannan nau'i biyu da ba su haɗa dangi na kusa ba suna iya yin ado iri ɗaya, saboda kifi ya riga ya koyi cewa mai wannan adon ba ya ciyuwa. Ginin jiki shi ne ba ya yaudara.

Ka fara da gadon baya. In jikin mai faɗi ne, ɗan kewayayye, kuma can wajen baya akwai wani tsiro mai gashi-gashi da ya yi da'ira, wannan abin numfashi ne, kuma kana kallon dorid, wani reshe na Nudibranchia. Da yawansu da zarar inuwarka ta faɗa musu ko ruwa ya motsa sai su shigar da shi ciki, sai ka yi haƙuri ka jira su sake fitarwa. In kuma jikin siriri ne, bayan cike da tsiro masu tsini a jere gefe da gefe, babu waccan da'irar, wannan eyolid ne, shi ma reshen Nudibranchia ne. Su eyolid suna cin halittu masu harbi, amma ƙwayoyin harbin ba sa fashewa a cikinsu, suna wucewa har ƙarshen tsiron nan su zauna a can, dabbar ta riƙa kare kanta da makamin abin da ta cinye. In ka ga ƙarami kore mai fata biyu a gefe a kan koriyar ciyawar teku, ba shi da da'ira ba shi da tsiro, ka yi tunanin Elysia, su wani rukuni ne daban da ke tsotse ruwan cikin ciyawar.

Daga nan ka koma kai. Ƙahonin saman kai ba na gani ba ne, da su suke shinshinar abin da ke cikin ruwa. Idanunsu ƙanana ne ƙwarai, haske da duhu kawai suke bambancewa. Ka lura ko ƙahon sumul yake, ko yana da layi-layi a jere, ko a naɗe yake, ko yana da aljihun da yake komawa ciki. Masana suna raba dangi da dangi da wannan.

Sannan ka dubi abin da yake zaune a kai, wannan mutane suka fi mantawa. Yawancinsu abinci ɗaya ko biyu suke ci duk rayuwarsu. Dorid da yawa soson teku suke ci, wato wannan shimfiɗar mai taushi, ja ko rawaya ko toka-toka, mai ƙananan huda, da ke manne a ƙarƙashin dutse. Eyolid suna kan wasu siraran halittu masu rassa da za ka ɗauka ciyawa ce alhali dabbobi ne. Ni idan na je ba dabbar nake nema ba, abincinta nake nema, in tsuguna a kansa in yi ta kallo har idona ya saba. Sau da yawa tana nan, ta saje da abin da take ci.

Batun lokaci kuwa, kalandar Musulunci za ta yi maka aiki. Ruwan teku a Legas yana cika ya janye sau biyu a kwana ɗaya, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Janyewa mafi nisa tana zuwa ne a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da ya cika, wato farkon wata da wajen 14 zuwa 16. A intanet akwai jadawalin cikar ruwa da janyewarsa na Legas, ka duba ka isa awa ɗaya kafin ya kai ƙarshen janyewa. Bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa a Legas bai cika wuce mita ɗaya ba, don haka filin da ke buɗewa kaɗan ne kuma ba ya daɗewa. Disamba lokaci ne mai kyau, teku ya fi lafawa da rani fiye da tsakiyar damina.

Gaɓar Najeriya ta kai kusan kilomita 850, amma yawancinta rairayi ne da laka da dajin bakin ruwa. Waɗannan halittu kuwa sun fi son wuri mai tauri da abincinsu zai manne. Shi ya sa duwatsun da ka gani, waɗanda aka jibge tun farkon ƙarni na 20 don tashar jiragen Legas, suke da amfani gare mu. A Gana duwatsu sun fi yawa, kuma wani masani, Malcolm Edmunds, da ya koyar a Jami'ar Gana, ya yi shekaru yana rubuta nau'o'in da ke gaɓar can. Aikinsa ne mafi kusa da abin da za ka gani a namu ruwan.

Don Allah ka kula da kanka. Ka tsaya ta ɓangaren da ruwa yake a kwance, kada ka bi duwatsun zuwa inda igiyar ruwa ke dukan su. Ka sa takalmin roba mai kama ƙasa, kada ka juya wa teku baya, kuma ƙanenka ya tsaya yana kallon ruwa yayin da kai kake kallon dutse.

Alhaji na Kawo

Malama, Allah ya ƙara ilimi. Bari in ƙara da abin da na gani da idona, ko zai amfani masu zuwa Saudiyya.

Na zauna a Jidda ina aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ranar hutu abokan aikina sukan je Abhur, arewa da gari, su suka koya mini sa gilashin ido da bututun numfashi in kwanta a saman ruwa inda ƙafata ke taɓa ƙasa. A can lissafin wata bai da wani tasiri sosai, domin ruwan Bahar Maliya wajen Jidda da ƙyar yake janyewa. Ba ka jiran ruwa ya tafi, kai ne za ka sa fuska a ciki. Ruwan kuma garau yake.

Akwai wani ɗan ƙarami da na fi gani da rana a jikin murjani, mai layi baƙi da fari-shuɗi a tsaye daga kai zuwa baya, gefensa ruwan lemo, ƙahoninsa da wannan gashin na baya su ma ruwan lemo. Da na karanta bayaninki yanzu na gane dorid ne, don da'irar nan tana nan. Ba ya gudu ba ya ɓuya, yana tafiyarsa a fili, kifaye suna wucewa ba mai kula shi.

Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne wani babba da muka gani da dare da tocila. Ja ne wur, ya fi tsawon tafin hannuna biyu a haɗe. Yana tafiya a kan murjani gefunansa a naɗe, da hasken ya dame shi sai ya warware su ya tashi cikin ruwa yana lanƙwasa jiki sama da ƙasa, gefunan suna kaɗawa. Na yi ta tasbihi a cikin bututun. Na kuma ga wani abu ja a naɗe a kan dutse da suka ce mini ƙwansa ne.

Malam, abin da zan ce maka ko a Legas ko a Jidda, kada ka zura hannu ramin da ba ka ga ƙarshensa ba, kada kuma ka taka ƙasa ba takalmi. Akwai masu ƙaya, akwai kifin da ya saje da dutse mai mugun dafi.

Ɗalibin Kadpoly

Anti, ina da tambaya. Tunda yara ne ake so su gani, me zai hana Malam ya sako ɗaya a gora da ruwan teku ya taho da shi? In ruwan ya ƙare sai a jiƙa gishiri a ruwan famfo. Ko kuma a sa shi a sifirit irin yadda ake ajiye kwaɗo a lab.

Malam Bayoloji, Tudun Wada

Malama, na rasa bakin godiya, Allah ya biya ki. Alhaji, na gode, na ji gargaɗin. Tambayar ɗalibin nan ni ma ta zo mini, ina jiran amsa.

Bayaninki ya tuna mini abu biyu. Kusa da dabbar, a jikin dutse, akwai wani tarin zare rawaya a cukurkuɗe, na ɗauka shara ce. Sannan da ƙanena ya ɗaga wani ƙaramin dutse, wani abu fale-fale mai launin toka ya sulale da sauri ya shige ƙarƙashi. Shi ma cikinsu yake?

'Yar Malali

Alhaji, ka ga manya. Mai layin nan Chromodoris quadricolor ne bisa yadda ka siffanta shi, sananne ne a Bahar Maliya. Tafiyar da yake yi a fili ba tsoro, saboda ya tara guba daga soson da yake ci, launin kuma sanarwa ce ga kifi. Babban jan shi ne Hexabranchus sanguineus, yana cikin mafi girman Nudibranchia, da dare yake fitowa, kuma yana cikin 'yan kaɗan da ke iya iyo. Abin da aka nuna maka ƙwansa ne da gaske, kuma uwar tana sa wa ƙwan irin gubar jikinta don kada a cinye.

Ƙanena na Kadpoly, niyyarka mai kyau ce amma ban yarda ba, kuma zan faɗi dalili. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, amma ba gishirin miya kaɗai ba ne, akwai wasu sinadarai a ciki da jikin dabbar ba ya rayuwa sai da su. Ko a ce ruwan na asali ne, a cikin gora iskar da ke cikinsa za ta ƙare, ya yi zafi a mota, zomon teku kuma idan ya wahala tawada yake saki ya ɓata ruwan da yake numfashi a ciki. Ba zai kai Lokoja da rai ba. In ma ya kai, me za a ba shi? Na ce abincinsu zaɓaɓɓe ne, ko masu manyan tankunan kifi na ruwan gishiri sun san yawancin Nudibranchia yunwa ke kashe su a tanki. Dama rayuwarsu gajeriya ce, da yawa ba sa wuce shekara. Sifirit kuwa yana wanke launin tas, jikin ya tsuke, ƙahoni da abin numfashi su shige ciki. Abin da zai iso Tudun Wada ɗan dunƙulen nama ne fari, babu ko ɗaya daga alamomin da ake so yaran su koya. Bidiyon minti ɗaya yana tafiya yana buɗe fatunsa ya fi shi nesa ba kusa ba.

Malam, ga yadda za ka yi hoton ya fito. Ka tafi da farar roba mai faɗi, ƙaramar rula, da lema. Ka ɗebi ruwan ramin da dabbar take, ka tura ta cikin robar a hankali a ƙarƙashin ruwa, kada ka ɓamɓaro ta da ƙarfi. Ka kai inuwa, lemar za ta kashe ƙyallin da ya ɓata maka na farko. Ka jira ta sake, ta miƙe, ta fito da ƙahoni da abin numfashi. Ka ɗauka daga sama da rular a gefe, ka ɗauka daga gefe, ka matso kan kai, in ta hau jikin robar ka ɗauki ƙasanta. Kafin ka taɓa ta ma ka fara ɗaukar ta a inda take, tare da abin da take kai. Minti kaɗan ya isa, ruwa a roba yana saurin zafi. Ka mayar da ita daidai inda ka ɗauko ta. Duk dutsen da kuka ɗaga ku mayar da shi yadda yake, domin abin da ke ƙasansa rana na kashe shi, na samansa kuma duhu na kashe shi. Ka rubuta kwanan wata, lokaci, wuri da zurfin ruwa. In ka sa a iNaturalist, shafin intanet da ake ɗora hotunan halittu, akwai masana da ke dubawa su gyara suna. Wani lokaci za a tsaya a sunan jinsi kawai, domin wasu nau'o'in sai an duba haƙoran harshensu a madubin lab ko an yi gwajin ƙwayar halitta. In aka tsaya a jinsi, kai ma ka tsaya a nan, kada ka cika sunan da zato.

Zaren nan rawaya ba shara ba ne, ƙwan zomon teku ne, kamar dafaffiyar taliya da aka juye a kan dutse. A cikin tari ɗaya akwai ƙwai miliyoyi, kuma launin yana duhu yayin da suke kusa da ƙyanƙyashewa. Na dorid daban ne, siririn ƙyalle ne da aka manna ta gefe ɗaya aka naɗe shi zagaye-zagaye. In ka ga ƙwai ka duba kewaye, iyayen ba su yi nisa ba. Kowane ɗayansu namiji ne kuma mace, amma sai sun haɗu biyu. Nudibranchia suna jeruwa gefen dama da gefen dama, kan wannan wajen bayan wancan, don ƙofar haihuwarsu a dama take. Zomon teku kuwa har layi suke yi, wannan a bayan wannan.

Mai sulalewar nan ba ya cikinsu, tsutsa ce mai faɗi ta rukunin Platyhelminthes, ka ga ka samu misalin wani darasin. Ita ce ta fi rikita masu farawa don wasunsu suna da ado sosai. Ka gane ta da rashin kauri, da sauri, da rashin abin numfashi a baya, kuma abin da ke kama da ƙaho a gabanta sau da yawa gefen jikin ne ya lanƙwashe. Kada ka ɗauke ta, yagewa take yi. Wani mai rikitarwa shi ne wuri mai rai, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da kwansonsa. Yana lulluɓe kwanson da fatarsa har ka ɗauka ba shi da shi, sai ya tsorata ya janye fatar kwanson ya bayyana. A aji ka ajiye wuri ɗaya daga kasuwa, da dodon koɗin damina mai rai, ka kunna bidiyon zomon teku, yara su ga mai kwanso a waje, da mai shi a ɓoye, da hoton wanda ya yar da shi. Sai dai ka hana su shiga ruwa tsinto katantanwa, domin wasu ƙananan dodon koɗin ruwan daɗi su ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma ta fata take shiga.

Guda ɗaya ne zan ce kada ka taɓa ko da wasa. In ka ga wani ɗan shuɗi da ruwan azurfa, wajen santimita 3, mai tsiro a baje gefe da gefe, a kan rairayi bayan iska, Glaucus atlanticus ne. A saman teku yake yawo a rigingine da kumfar iska a cikinsa, yana cin wata halitta mai balan-balan shuɗi da dogayen zare masu harbi, Physalia, yana tara harbinta. Ita ma Physalia ko ta mutu a kan rairayi tana harbi. In tsautsayi ya faɗa, a wanke da ruwan teku, ba ruwan sha ba, kada a goge, a tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa na wajen minti 20. In numfashi ya fara wahala ko jiki ya kumbura a tafi asibiti nan take.

Malam Bayoloji, Tudun Wada

Na fasa batun gora. Na duba kalanda, zan tsara tafiyar ta faɗo tsakiyar watan Musulunci, kuma na gaya wa ƙanena ya nemo mini jakar roba da ake sa waya a ruwa. Rula da farar roba akwai su a lab. In na dawo zan sa hotunan a nan tare da kwanan wata da abin da kowanne yake zaune a kai, Malama ki duba mana kafin in kai aji.